Gangar Arnasto da Kaskon Wutata

Ran nan wasu samari biyu suka shigo shagona a Mahjar da ganga irin ta zamani, mai fatar roba da ƙarafan ɗauri a gefe. Ɗayansu jikan maƙwabcina ne, haifaffen Jidda, Hausarsa rabi da rabi take fita. Ya ajiye gangar ya ce, "Ya ammu, wannan shugul sahal ne, ko? Ka sa fata, ka ja, halas." Na ce masa gaskiyarsa, aiki ne mai sauƙi, shi ya sa ma ya ɗauko ta tun daga Waziriyya ya kawo mini maimakon ya yi a gida. Suka yi dariya. Da za su fita sai idon ɗayan ya faɗa kan doguwar gangar da ke bayan ƙofa, lulluɓe da tsohon bargo, ya kai hannu zai buga. Na ce ya janye hannunsa. Tun ranar nake son in ba su labarin gangar nan, amma yaran yanzu ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa na sa 'yata Safiya tana rubutawa ina faɗa.

Sunana Idris. A Sudan aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa wajen Gadarif, inda hanyar Makka ta ajiye kakanninmu ba su ƙarasa ba. Na iso Jidda ina saurayi, na sauka wurin kawuna Harun. A iƙamata, takardar izinin zama, an rubuta mai gyaran takalmi, kuma kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini, bai yi ƙarya ba, da safe takalmi nake ɗinki har yau. Amma abin da ya ciyar da gidana shekara arba'in da wani abu, saka wa ganga fata ne.

Aikin farko da Kawu Harun ya bar ni na yi ni kaɗai, tar ne na wata mata mai kiɗan biki. Tar ita ce gangar nan mai faɗi kamar faifai, fuska ɗaya, wadda matan Jidda ke bugawa a gidajen biki. Kafin ranar na yi shekara guda ina jiƙa fatar akuya a ruwan toka, ina kankare gashi da kartaji, ina shanyawa a inuwa, bai yarda na taɓa wuƙar yanka ba. Na ja fatar nan da awartaki har yatsuna suka yi jini, na manne, na ɗaure, na jira kwana uku ta bushe. Da ta bushe murna ta kama ni, na ɗauka na fara kaɗa irin kiɗan da nake ji a gida. Kawu ya karɓe ta a hannuna, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan nan, mai saka fata ba ya kiɗa. Ranar da ka fara kiɗa, kowace ganga daidai tafin hannunka za ka yi ta, ba na mai ita ba. Yatsa ɗaya ya ishe ka." Daga ranar da ɗan yatsana na tsakiya nake gwada kowace ganga da ta fita daga hannuna.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne wuta. Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane abin da laimar teku ke yi wa fata ba. Ka saka fata da safe tana amo, kafin magariba ta sha iska ta saki, ka buga ka ji kamar ka daki katifa. Maganinta kasko da garwashi. Kana kara fuskar gangar a saman wuta, kana juyawa, kana shafawa da tafin hannu, kana ƙwanƙwasawa da yatsa har murya ta hau inda ake so. In ta hau kuma ba ka tsayawa nan. Sai ka ƙara mata kaɗan, domin tsakanin kaskonka da inda makaɗa suke zaune laima za ta sake cin rabonta. Wannan ƙarin Kawu yake kira guzuri. Duk wanda ya tashi a gidajen bikin Jidda ya san shi, hannunsa ma yana yi ba tare da ya sa shi ba.

A waɗancan shekarun kiɗa abin bayan ƙofa ne. A buhun shinkafa ake kawo mana ganga, a buhun shinkafa take komawa. Mata masu tar suna aiko direbobinsu, mazan unguwar Sa'alaba masu wasan mizmar, wasan sanda na mutanen Hijaz, su kuwa da ƙafarsu suke zuwa, su zauna su sha shayinka, su ce fatar bara ta fi ta bana. Kowace shekara haka suke faɗa. Kawu ya rasu bai ga lokacin da aka buɗe wa kiɗa ƙofa ba, ni kuwa na gani, kuma da farko ban ɗauka zai shafe ni ba.

Wata Alhamis bayan la'asar wani Bahijaze mai suna Abu Faisal ya tsaya da mota a ƙofar shagona. Yana da ɗan gidan abinci a wata unguwa arewa da mu, teburi bai fi goma sha biyar ba, yawancin masu zuwa maƙwabta ne. Ya ce ya ɗauki makaɗa suna yi masa irin kiɗan da ake kira Latin jaz duk daren Alhamis, kuma makaɗin gangarsa ya ƙi hawa yau sai an nemo masa wuta. "An ce kai ne ka san wuta, ya mu'allim. Yalla, Allah ya bar ka, mutane sun riga sun kama tebur." Na ɗauki kaskona da maficina na shiga motar.

A ƙofar bayan kicin na tarar da shi zaune a kan kwandon lemo, baƙi ne kamar ni, furfura ta fara cin gemunsa. Mutumin Kuba ne, sunansa Ernesto, amma bakin 'yan kicin ya mayar da shi Arnasto, ni ma haka na bi. Ya yi 'yan shekaru yana kiɗa a otel-otel na ƙasashen Larabawa, ya tsinci Larabci gutsure-gutsure, da shi da hannu muke magana. Gangunansa uku, dogaye masu ciki kamar turmin da aka ja, konga ake ce musu. Biyu na da ƙarafan ɗauri, ana murɗa su da sifana. Ta ukun ce matsalar. Tsohuwa ce, jikinta katako ne da aka harhaɗa kamar na tsohuwar gangar zuba mai, fatar kuwa da ƙusoshi aka kafe ta zagaye, babu abin murɗawa ko ɗaya. Ya ce ta babansa ce, shi ya saka fatar da hannunsa kafin ya rasu, kuma a ƙasarsu ma da wuta tsofaffi ke ɗaga irinta. Ya zagaya shagunan kayan kiɗa na Jidda, kowa ya ce ya cire ƙusoshin ya sa ƙarfe.

Na shafa fatar. Kauri gare ta, ta ninka ta tar sau uku, ta yi ja kamar zuma, a gefe guda kuma akwai wani baƙin wuri mai santsi inda tafin uba ya ci, na ɗa ya zo ya ɗora. Na karɓi garwashi wurin mai gasa nama, na hura, na kara ta. Arnasto yana tsugune kusa da ni, yana kai tafi yana saurare. Can sai ya ce, "Kifaya." Ni a kunnena ba ta hau ba tukuna, amma mai abu ya ce ya isa, na janye. Ya rungume ta ya shiga ciki.

Ban bi shi ba. Ban taɓa shiga ɗakin cin abincin nan ana kiɗa ba, ba don wani ya hana ni ba, ni dai wurina bakin kaskona ne. Nakan yi sallar isha a masallacin layin, in dawo in zauna a ƙofar kicin, duk lokacin da mai kai abinci ya tura ƙofa kiɗan ya fito ya same ni, ƙofar ta rufe ya koma ciki. Haka na koyi kiɗan nan, guntu-guntu. Akwai wata 'yar Lebanon mai fiyano, da wani Bafilifine mai busa ƙahon ƙarfe, da mai wani ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa ana tsinkar igiyoyinsa da yatsa. Ƙarƙashinsu duka akwai bugu uku sannan biyu, uku sannan biyu, ba ya canjawa ko da sauran sun watse kowa ya kama gabansa. In suka yi nisa har ka ce sun ɓata, sai tsohuwar gangar nan ta yi magana daga ƙasa, kowa ya dawo.

Daren farko da na ji ta sai da na ajiye mafici. Irin wannan muryar na bari a ƙauyenmu, lokacin yankan riɗi, in an gama aiki aka fito da ganguna bayan gari. Na yi shekaru ban tuna wurin ba, ban ma san ina kewarsa ba. Da na gaya wa Arnasto sai ya nuna fatar hannunsa ya nuna tawa, ya ce kakanninsa ma daga wajenmu aka kwashe su, abin da suka iya tafiya da shi ke nan.

Shekara biyu muna haka. Sau uku nake gasa ta kowane daren Alhamis, kafin su fara da kuma duk hutun da suka yi. Yaran da ke cewa aikin nan sauƙi ne su zo su zauna gaban garwashi a zafin Jidda, hayaƙin gasasshen nama na shiga idonsu, suna juya ganga mai nauyin buhun siminti rabi, kada gefe ɗaya ya riga ɗaya. Abu Faisal kan aiko mini da farantin kifi da shinkafa, Arnasto kuma ya fito yana zufa ya zauna kan kwandonsa, ya ce, "Nar, ya Idris," wato wuta. Kusan duk hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu. Na san matan unguwar da ke zuwa da 'ya'yansu mata, na san wani tsoho likitan haƙori da ba ya cin komai sai shayi, yana buga cokali a kofi ba bisa ƙa'ida ba, Arnasto yana jin haushinsa yana kuma nemansa in bai zo ba.

Daren da abin ya faru gidan ya cika har an jera kujeru a bakin ƙofa, kuma a makon aka sa sabon mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, babba mai busar da iska. A hutu na biyu mutane suka tare Arnasto suna ɗaukar hoto da shi. Ya miƙo mini gangar ta ƙofa ya koma. Karo na farko ke nan da zan gasa ta ba ya tsugune kusa da ni. Na kara, na juya, na ƙwanƙwasa, har ta hau daidai muryar da na saba ji tana fitowa ta ƙofa. Sannan hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara arba'in, na ƙara mata guzuri.

Abin da ban sani ba, fata mai kauri tana riƙe zafi a cikinta, ko ka janye ta daga wuta tana ci gaba da ja ita kaɗai. Shi ya sa Arnasto ke cewa kifaya tun ba ta hau ba. Tar tana sauka a hanya, wannan hawa take yi a hanya. Ga shi kuma ba cikin laima za ta shiga ba, cikin busasshiyar iskar sabon mukayyif za ta. Shekara biyu ina kallon mutumin nan yana tsayar da ni da wuri, ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka kunnensa ne daban da nawa.

Ina zaune na ji sun bar masa fili shi kaɗai. Ya fara a hankali, ya hau, muryar tana da kyau fiye da kullum, har na ji daɗin aikina. Sai na ji ƙara ɗaya, ba ta kiɗa ba, kamar an tsaga sabon yadi. Mai fiyano ta yi maza ta rufe wurin, mutane suka tafa ba su san me ya faru ba.

Ya fito da ita a rungume ya ajiye gabana. Fatar ta tsage daga bakin ƙusoshi ta bi ta tsakiya, ta raba baƙin wurin nan biyu. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗora tafinsa a kan tsagar, ya daɗe, sannan ya ce, "Baba ya yi shiru, ya Idris." Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba. Na gaya masa abin da na yi, ban ɗora wa mukayyif ba. Na ce ya bar mini gangar, in Allah ya yarda zan dawo masa da muryarta. Ya dube ni ya gyaɗa kai, ya koma ciki ya ƙarasa daren da gangunan ƙarfensa biyu.

Cire tsohuwar fatar kaɗai ya ci mini kwana biyu. Ƙusoshin sun yi tsatsa, katakon ya tsufa, in ka matsa da awartaki baki zai ɓalle. Ɗaya bayan ɗaya na zare su, na jera a gwangwani, na naɗe fatar a ƙyalle na ajiye masa. Ya ce ta babansa fatar alfadari ce. Ina zan samu alfadari a Jidda? Na tafi mayanka na zaɓi ƙirgin saniya, ɗanyar fata ba jemammiya ba, don jima na kashe amo. Na jiƙa, na kankare, na ja ta da igiya da sanduna, na kafe ta tana da ruwa, na jira ta bushe a inuwa. Na kai masa wata Alhamis, muka gasa tare, ya buga sau biyu ya ce, "La," wato a'a. Wajen ciki na yanko, ta yi laushi.

Ta biyun ta raƙumi ce, bayan Layya, wani mahauci ɗan Sudan ya ba ni. Wannan ni kaina na san ba za ta yi ba, amma na ce a gwada. Arnasto ya buga ya yarfe hannu, ya ce ƙofar gida na kawo masa. Ranar ce ya fara yi mini dariya tun bayan abin. Kowane gwaji kuma sai na sake huda katakon, ina neman wurin da ƙusa ba ta taɓa shiga ba, bakin gangar yana ƙarewa. Na lissafa na ga saura gwaji ɗaya, in ya wuce haka katakon ba zai riƙe ƙusa ba.

Saboda haka na ɗauki lokaci. Watanni ina zuwa mayanka da sassafe ina shafa fatu ina dawowa hannu rabbana, har mahauta suka fara tsokanata wai amarya nake nema. A ƙarshe na samu ta wani ɗan bijimi, ba tabo, ba zanen wuƙa, na yanko daga gadon baya inda kauri yake daidai ko'ina. Na ɗaga ta a rana na duba, na kankare wajen da ya fi kauri har haske ya zama ɗaya. Na kafe ta da tsofaffin ƙusoshin uban, waɗanda na goge da toka da mai. Na kira Arnasto na ce ya ba ta mako biyu ta bushe.

Kafin mako biyun su cika aka rufe gari saboda korona. Gidajen abinci suka rufe, kiɗa ya tsaya, unguwarmu ta Mahjar kuma aka killace ta, ba shiga ba fita. Ganga tana bayan ƙofata ta bushe, mai ita yana can arewa a ɗakinsa. Da jirgin da zai kwashe baƙi irinsa zuwa gida ya samu, kwana ɗaya aka ba shi ya haɗa kaya. Daga filin jirgi ya kira ni. "Ka riƙe ta, ya Idris. Kada kowa ya buga. Zan dawo."

Wannan ita ce muguwar shekarar sana'ata. Ba biki, ba tar, ba mizmar, takalmi ma ba ya tsinkewa tunda ba mai tafiya. Albashin Safiya na asibiti ne ya riƙe gidan. Fatun akuya da na tara ƙwari suka shiga suka ci, na kwashe na zubar. Abin da ya rage mini na aiki shi ne gangar nan. Fata in aka bar ta cikin laima tana yin fumfuna ta mutu, don haka duk Alhamis bayan la'asar nakan hura kaskona a ƙofar shago in fito da ita. Amma daga nesa nake kara ta, in ta ɗan yi ɗumi in janye. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ko da yatsa na ƙwanƙwasa, murya ƙasa-ƙasa take ba ni, kuma ban taɓa barin ta ta wuce nan ba.

Gari ya buɗe, Abu Faisal ya dawo da daren Alhamis. Sababbin makaɗansa yara ne masu hannu, ba laifi, gangunansu fatar roba ce da ba ta san laima ba, ba mai neman wuta. Ya ce in riƙa zuwa ko don kifi. Na je sau ɗaya na zauna a ƙofar kicin, hannuna ba abin yi, na ji bugu uku da biyu yana nan, amma in sun yi nisa ba abin da ke kiran su daga ƙasa. Ban koma ba. Arnasto kuwa saƙonninsa suka ragu, sannan suka ɗauke gaba ɗaya. Sai bara mai fiyano ta gaya wa Safiya cewa ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ba ya motsi.

Safiya ce ta nemo lambar 'yarsa, suka tsayar da rana. Alhamis ce, la'asar a wajenmu, safiya a wajensu. Na hura wuta na fito da gangar, Safiya ta riƙe wayar. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannun na kwance a cinyarsa. Ya dube ni ya dubi gangar. Sannan ya ce, "Buga."

Na ƙwanƙwasa da yatsa. Ya girgiza kai, ya ɗaga tafinsa na hagu ya nuna mini.

Na ce, "Ni ba na kiɗa, ya Arnasto. Kawuna ya hana ni."

Ya ce, "Ba ni da hannu. Ara mini naka."

Na nemi gafarar Kawu a zuciyata, na buɗe tafi na buga, karo na farko tun ina saurayi. Ya kara wayar a kunnensa, muna ganin silin ɗakinsa kawai. Da ya dawo da fuskarsa sai ya ce, "Barci take yi. Nar, ya Idris."

Na ce masa ta isa haka, katakon ba zai ɗauki wata fata ba in wannan ta tafi. Ya ce ya sani. Ya ce babansa bai yi ta don a lulluɓe ta da bargo ba.

Na matsar da ita kan garwashin, kusa, inda na daina kai ta shekara da shekaru. Ina juyawa ina shafawa, zafi ya ratsa fatar ya fito ta tafina, murya ta fara tashi. Shi ta waya ba zai iya sanin zafinta ba, ni kaɗai ne zan tsayar. Tun ba ta kai ba, a daidai wurin da hannuna ke cewa saura, na ce kifaya da bakina na janye ta. Na tsayar da ita a ƙasa muka jira. Na ji ƙusoshin suna ɗan ƙara, fatar tana ja ita kaɗai, sannan ta tsaya.

Ya koya mini da hannun hagu a kan gwiwarsa, tafi, yatsu, tafi, sannan bugu biyu a baki. Na yi ba daɗi, na sake, na sake. A na huɗu gangar ta buɗe, muryar ta fito daga ƙasa ta cika layin, har mai shagon kusa ya leƙo. Arnasto ya rufe ido, hannunsa na hagu yana bina a kan gwiwa.

Da na tsaya na tambaye shi abin da nake jira in tambaya tun daren nan. Na ce, "Ita ce?"

Ya ce, "La. Ba muryar Baba ba ce." Ya goge ido da bayan hannu. "Amma da ya ji ta, da ya karɓa. Ka riƙe mini ita da zafinta."

To, samari, abin da ke ƙarƙashin bargon ke nan. Ban cika alkawarina ba, kuma na san yanzu ba mai iya cika shi. Tsohuwar fatar tana nan a ƙyalle, ina jiran wanda zai yi wajensu in ba shi ya kai. Gangar kuwa ya ce kada in aika, da ƙafarsa zai zo ya ɗauka. 'Yarsa ta gaya wa Safiya a gefe cewa likita ya hana shi hawa jirgi, ni kuma ban nuna masa na sani ba. Duk Alhamis da la'asar wayar Safiya takan yi ƙara, kalma biyu ne ba ya ƙarawa, nar ya Idris. Yau Laraba, gawayina ya ƙare, bari in tashi in sayo kafin a rufe.